Sharhi: yadda aka gyara mini shasin Hilux da ya tsage a Katsina

Duk mai tsohuwar a-kori-kura da shasinta ya fara tsagewa, ya nemi mai waldar da ya saba da aikin manyan motoci, ko da zai biya ninkin abin da mai waldar ƙofa da taga zai karɓa. Na faɗi haka ne bayan an gyara tawa a wani gareji da ke bayan Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Ta ci damina, ta ci kaka tana ɗaukar kaya, tsagar ba ta dawo ba. Aikin ya gamsar da ni, ko da yake akwai wuraren da raina bai kwanta ba, kuma zan faɗe su.

Motar Hilux ce, samfurin da Toyota ta fara fitarwa a 1988, mai ja da ƙafa huɗu, injin gas da ake kira 3L, mai lita 2.8, sifirin gaba da baya. Masu irinta sun san injin ba ya cika ba da ciwon kai, shi ya sa ake mantawa da abin da ke ƙarƙashinsa. Shasinta kamar tsani yake a kwance: dogayen ƙarafa biyu daga gaba zuwa baya, da gajeru da suka haɗa su a tsakani. Dogayen nan rufaffu ne, cikinsu fanko, kaurin ƙarfen kuwa wajen milimita 3 ne kawai. Inji da giya da kan mota da bodi duk a kansu suke zaune.

Kayan da aka ƙera ta ta ɗauka bai wuce tan guda ba, wato buhu goma na kilo 100. Amma kowa ya san yadda ake loda irinta da kaka daga ƙauyukan Mashi da Mani, ko in za a kai kaya kasuwar Mai'adua. A ɗora gero har ya haura kan mota, sannan a bi hanyar burji mai gargada, ƙafa ɗaya a rami ɗaya a tudu. Kowane irin wannan murɗawa shasin ne ke shanye ta. Ga kuma tsatsa. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin nan daga Turai suka zo ta Kwatano, can kuwa gishiri ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, sai ya shige cikin fankon ƙarfen ya zauna. Mu kuma a nan muka ƙara mata laka da takin zamani da ke zubowa daga buhu, shi ma cin ƙarfe yake yi ba wasa.

Alamar farko ita ce tazarar da ke tsakanin kan mota da bodi ta daina daidaita, sama ta matse ƙasa ta buɗe in an yi lodi. Sai wata ƙara ƙiii duk lokacin da aka hau tudu a karkace. Tsagar tana gaban wurin da sifirin baya ke kama shasi, ɓangaren da tankin mai yake. Siririn layi ne mai jan garin tsatsa, ya taso daga ƙasa ya hau har ya wuce rabin ƙarfen.

Abin da ya fara sa na yarda da mai waldar garejin, bai ɗauko walda ba. Wanke wurin ya sa yaransa suka yi, ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi shasin daga gaba har baya yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Inda ƙarfe ke da lafiya amonsa a sarari yake fita, inda tsatsa ta ci ta ciki kuwa sai ka ji shi a dishe. Da ya gama ya kira ni ƙarƙashin motar ya haska mini wani tsohon faci mai kusurwa huɗu da aka yi tun kafin motar ta zo hannuna. Ya ce, "Alhaji, dubi nan. Ba a tsakiyar facin ta tsage ba, a bakinsa ne, daidai inda aka ja walda a tsaye daga sama har ƙasa. Wanda ya yi wannan shi ya nuna wa ƙarfen inda zai karye." Na duba, haka ne kuwa. Tsagar ta bi gefen tsohuwar waldar sak.

Daga nan aka cire batir, aka sauke tankin mai, aka ɗage bodin gaba ɗaya, aka janye bututun birki da wayoyin fitilun baya daga jikin shasin. An tokare motar a wurare da dama don kada nauyi ya zauna kan tsagar, ya kuma auna da tef daga kusurwa zuwa kusurwa, hagu da dama, har awon biyu ya zo ɗaya. Wannan awon shi ne abin da masu gaggawa ke tsallakewa, sai ka ga mota bayan gyara tana tafiya a karkace tana cin taya.

Ya yanke tsohon facin, ya gurje wurin da giranda har farin ƙarfe ya fito. A ƙarshen tsagar ya huda ƙaramin rami, domin tsaga in ta tarar da rami zagayayye tsayawa take yi. Sannan ya faɗaɗa bakinta ta zama kwari, yadda walda za ta shiga har ciki ba ta zauna a sama kawai ba. Tsinken waldar da ya yi amfani da shi 7018 ne, ba 6013 da aka fi sani a gari ba. Na 7018 ya fi ƙarfi kuma ya fi jure jijjiga, sai dai ba ya son laima ko kaɗan, kuma na lura nasa a cikin rufaffen gwangwani yake ajiye su. Yana yi kaɗan ya tsaya, ya kankare dattin waldar, ya bari wurin ya huce da kansa. Wani yaronsa ya taho da ruwa a galan zai zuba don a yi sauri, ya daka masa tsawa. Ruwa a kan ƙarfe mai zafi yana sa shi ya yi tauri ya zama mai saurin karyewa, kuma sau nawa muke gani ana yin haka a bakin titi.

Facin da ya sa a ƙarshe shi ne ya fi burge ni. Ƙarfe ne mai kauri kusan ɗaya da na shasin, dogo, ya zarce tsagar sosai ta kowane ɓangare, an fiƙe bakinsa biyu sun yi tsini an kuma ɗan zagaye tsinin. Da wannan siffar babu inda walda ta tsaya a miƙe daga sama zuwa ƙasa, nauyi sai ya bazu a hankali. Ya huda ramuka a tsakiyar facin ya cike su da walda don ya kama ta ciki ma. Na tambaye shi me ya sa bai sa mai kauri sosai ba tunda ƙarfi ake nema. Ya ce shasi an yi shi ne ya riƙa ɗan lanƙwasawa, in ka sandare wuri guda da ƙarfe mai kauri, gefensa ne zai tsage.

Yanzu ga inda ban ji daɗi ba. Kuɗin da muka yi ciniki a kai na walda ne kaɗai, ba a gaya mini tun farko cewa sauke bodi da tanki aikin wasu ne daban kuma sai an biya su nasu ba. Sai da aiki ya yi nisa na ji wannan magana, ga kuma kuɗin man janareto duk lokacin da aka ɗauke wuta. Ba tsadar ce ta dame ni ba, domin duk da haka bai kai kuɗin sayen wani shasin daga Ƙofar Ruwa a Kano ba, balle wahalar sauya shi da kuma maganar lambar shasi da ke cikin takardun mota. Rashin faɗa tun farko ne ya ɓata mini rai. Lokacin da suka ɗiba ma ya zarce alkawari, a daidai sa'ar da ake neman mota a gona.

Na biyun ya fi wannan nauyi. Da na karɓi motar na leƙa ƙasa, sai na tarar ba a mayar da bututun birki cikin maƙalansa ba, da waya aka ɗaure shi yana gugar bakin facin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In ya ci gaba da guga zai huje, ka taka birki a gangare da kaya ka ji wayam. Maigidan ya gyara nan take ya kuma yi wa yaron faɗa, amma abu ne da ya kamata shi ya gani kafin ya miƙa makulli. Fenti ma jan fentin tsatsa kawai suka shafa ta waje. Cikin fankon da zafin walda ya ƙone, sai da na kai wani wuri aka fesa masa mai.

Ba kowane shasi ne zai karɓi wannan gyara ba, kuma mutumin bai ɓoye ba. A gabana ya mayar da wata motar da guduma ta shige jikin ƙarfenta, ya ce wa mai ita babu abin da walda za ta kama, ya nemi wani shasin. Haka nan in tsagar tana wajen da akwatin sitiyari ke ɗaure, ya ce aikin ya fi wannan hatsari kuma ba ya yarda a yi masa gaggawa.

Tawa dai yanzu tana zuwa Daura ta dawo, kusan kilomita 80 kowace tafiya, tazarar kan mota da bodi tana nan daidai, ƙarar nan ta ɗauke. Na ja wa direba kunne a kan lodi, kuma duk ranar da aka canza baƙin mai ana wanke wurin facin a haska shi da tocila. A ɗaya ɓangaren akwai wurin da amon gudumarsa ya ɗan dishe, ya yi masa alama da alli. Can zan mayar masa kafin damina ta sauka, amma wannan karon sai an rubuta mini kuɗin komai a takarda kafin a kwance ko noti ɗaya.