Siminti buhu nawa motarka za ta ɗauka daga Ƙofar Ruwa zuwa gida?

Ka gama ciniki a Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gini ta Kano, yaran shago sun jibge maka siminti da kwalayen tayil a bakin titi, mai kurkura, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ya faɗi kuɗinsa, kai kuma ka waiwaya ka dubi motarka. Zuciya ta ce ai but ɗin da fili. Fili kam akwai, sai dai mota ba da fili take gajiya ba, da nauyi ne.

Kafin ka yanke shawara, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar take rufuwa a kai. Motocin da aka shigo da su daga Amurka suna da 'yar takarda a manne a wurin, mai nuna iyakar nauyin mutane da kaya a haɗe. A ƙaramar mota irin Corolla abin bai cika kai kilo 400 ba. A haɗe fa aka ce, wato har da kai. In ka cire nauyinka da na birkilan da ya rako ka, a ce kilo 140, abin da ya saura bai wuce kilo 250 ba. Buhun siminti, na Dangote ne ko na BUA, kilo 50 ne. Buhu biyar ke nan ka cike ma'auni, ni kuwa a ganina a tsaya a huɗu, domin akwai tarkacen da ba a rasawa a but.

Tayil ya fi siminti yaudara. Kwalin ba shi da girma, ido na raina shi, amma na tayil mai santimita 60 da 60 yakan haura kilo 20, wani ma ya doshi 30. Kwali goma da za su shige but har da sauran wuri sun kai nauyin siminti buhu biyar. Bokitin fenti mai lita 20 shi ma rabin buhu ne ko fiye.

Idan kayan sun tsaya cikin wannan lissafi, motarka ta fi komai sauƙi, musamman ga fenti da kayan famfo da wayar lantarki da ake saya a Sabon Gari. A shimfiɗa leda ko tamfol, a tura masu nauyi can ciki su jingina da bayan kujera, wasu a sa su a ƙasa wurin ƙafar fasinjan baya. Kada a tara su a bakin but, domin nauyin da ya zauna bayan tayoyin baya yana ɗaga gaban mota, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Tayil a tsaye ake jera shi, ba a kwance ba. A duba iskar taya kafin a loda. Taya mai ƙarancin iska, ga kaya, ga zafin kwaltar Kano a watan Afrilu, ita ce take fashewa. Birki kuma ba zai kama da wuri kamar yadda ka saba ba, sai ka bar tazara sosai a cunkoson titin Katsina. Da ka ji taya na gogar jikin mota a kan tudun rage gudu, tsaya a sauke wani abu.

Daga buhu shida zuwa sama maganar ta koma ta kurkura ko akori-kura. Kurkura ta fi arha, kuma tana kutsawa lungunan cikin gari da babbar mota ba ta shiga, don haka wanda gininsa ke cikin badala ita ce tasa. Aibinta shi ne ƙafa uku gare ta, in aka yi mata tsiri da kaya tana iya kifewa a kwana, kuma masu ita sun fi son sawu ɗaya ko da kayan na sawu biyu ne. Kai ne za ka ce a raba. Ban cika son ta ga tayil ba in hanyar da ramuka, don girgizarta na fasa gefen tayil. Akori-kura ko Hilux, wadda ke ɗaukar abin da ya kusa tan ɗaya, ta fi dacewa da shi, da siminti buhu goma sha biyar zuwa sama kaɗan. Abin da ya wuce haka na babbar motar kaya ce irin Kanta, yashi da tsakuwa kuma na tifa.

Adaidaita Sahu ta mutane ce, ko da direban ya ce ba komai.

Akwai kayan da matsalarsu tsawo ce. Rodi mita 12 yake zuwa, ko an lanƙwasa shi biyu mita 6 ne, Corolla kuwa ba ta kai mita 5 ba. Mai kaurin milimita 12 sanda ɗaya ta haura kilo 10, mai milimita 16 ta kusa kilo 19, sanda goma ke nan sun kusa buhu huɗu na siminti. Rufin ƙaramar mota, ko da an sa masa ƙarfen ɗora kaya, yawanci kilo 50 zuwa 75 aka yarda ya ɗauka. Haka katako da filawud daga 'Yan Katako na Na'ibawa: faifan filawud a kan rufi iska yake kamawa, igiyar da aka zura ta taga ba za ta riƙe shi a titin Zariya ba, ga 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci a Kano da jami'an Road Safety a hanya. Waɗannan a ba su mota mai buɗaɗɗen baya, a ɗaure tamau, a ƙulla jan ƙyalle a ƙarshen abin da ya leƙo.

Tun kana ciniki ka sa maganar dako a ciki, kada ka bari sai ka biya. Ce wa mai shago: "Alhaji, nawa za ka bar min har ƙofar gida?" Yawancinsu suna da direban da suka saba da shi. Ku yi magana a fili kan kuɗin lodi da na saukewa, da wanda zai ɗauki asara in kwali ya fashe a hanya, sannan a ƙirga kayan a gabanka kafin mota ta tashi.