Likita namiji, ko a jira mace?

A ƙauyukan Jigawa, idan naƙuda ta yi gardama, abu biyu ne a gaban maigida: ya bar likita namiji ya duba iyalinsa, ko ya kafe sai mace.

Mai kafewa yana da hujja. Akwai kunya, kuma mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta. Haihuwar da ta zo da sauƙi ma ungozomar asibiti ta ishe ta.

Amma idan jariri ya zo a gicciye, ko jijjiga ta kama, sai likita. Wanda ke bakin aiki da tsakar dare kuwa galibi namiji ne. Jira yana da tsada: kan jariri ya daɗe yana danne mafitsara, naman ya mutu, yoyon fitsari ya biyo baya. Irin waɗannan matan ake yi wa gyara a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki tun 2008. Malamai kuwa sun halatta namiji ya duba saboda larura. Ni dai nan na karkata.

Na taɓa ganin wani magidanci ya tare ƙofar ɗakin haihuwa, yana ta gumi, wai ba namijin da zai shiga. Surukarsa ta janye shi gefe, ta ce wa likitan, "Shiga, ɗan nan, ni na haife ta."