Waakyen Hajiya a Nima, in ya ƙare ya ƙare

Masu tambaya ta ina ake samun waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, na kirki a unguwar Nima ta Accra, to ga inda nake ci, amma wurin ba allo ba suna, kowa Hajiya yake cewa. Tebur ne ɗaya da akwatin gilashi da benci biyu a wani lungu in ka baro kasuwa ka nufi wajen Mamobi. In goma na safe ta wuce kar ma ka wahalar da ƙafarka.

Abincin kam ba magana. Shinkafa da waken tare suke dahuwa ba wanda ya riga wani, jan kuma na karan dafi ne na gaske, ba irin na masu cika kanwa har ka ji tana maƙale maka a maƙogwaro har azahar ba. Shito ɗinta, wato soyayyar miyar barkono, baƙi ƙirin, ya soyu mai ya taso, kana jin busasshen kifi da citta kafin yaji ya iso, kuma yana isowa fa. Wele, wato ganda, ya yi laushi ba sai ka yi kokawa da shi ba, ga taliya ga garin rogo da ta ɗan jiƙa da man miya ga dafaffen ƙwai, a ganye take naɗewa, in ka ce roba kake so za ta ba ka amma sai ta harare ka. Naman ne kawai nake da ƙorafi, yankan ya yi ƙanƙanta a kan kuɗinsa, ni na koma kifi da ƙwai.

Abin da ya sa na zauna rubutu ma ba ɗanɗanon ba ne. Tukunya biyu matar nan take dafawa, biyu tak, ko layi ya kai bakin titi, in ta kankare ƙasan ta biyu sai ta ce sai gobe in Allah Ya kai mu, ta kife kwano. Wani saurayi mai aikin banki ya taɓa zaunar da ita da lissafi a gabana, Hajiya ki ƙara tukunya biyu ki ɗauki yara, a sa ki a manhajar masu kai abinci gida, a yi miki shafi a Instagram, cikin shekara kin buɗe reshe a Madina. Ta bar shi ya gama tsaf sannan ta ce ɗana in na yi huɗu yaushe zan kwanta, yaushe zan je makarantar yamma, wa zai ɗanɗana miyar? Ta ce biyun nan tana ciyar da gida, tana biyan makarantar jikoki, tana zuba adashi, me zan yi da ta uku. Ya yi dariya ya ce ai kuɗi ba ya yawa Hajiya. Ta ce to kai ka ci naka ya huce.

Wani abokina cewa ya yi wannan mutuwar zuciya ce aka sa mata rigar ƙana'a, kuma gaskiya ba zan ce ba shi da hujja gaba ɗaya ba, don a zango muna da wannan ciwon, mutum ya kwanta a benci tun hantsi ya ce Allah Ya riga Ya raba arziki. Amma matar da take tashi ƙarfe uku na dare tana hura wuta ba ita za a kira raguwa ba. Kuma ba wai ba ta san kuɗi ba ne, ƙarshen 2022 da tsadar kaya ta haura kashi 50 cikin ɗari, shinkafa da mai da gawayi kowanne ya haukace, ta ƙara farashi ba kunya, ta ce gara in ƙara kuɗi da in rage hannu. Abin da take da shi wanda ni da ɗan bankin nan ba mu da shi shi ne ta san nawa ne ya ishe ta. Ka tambayi yawancinmu nawa za ka samu a wata hankalinka ya kwanta, sai mu faɗi wata lamba, ranar da aka kai ta sai ta matsa gaba. Waɗanda suka yi wayo kafin 2007 sun tuna lokacin da kowa miloniya ne a garin nan, da dubbai ake sayen koko da ƙosai, aka zo aka yanke sifili huɗu dubu goma ta koma sidi ɗaya, wa ya ƙara farin ciki ko ya ragu saboda lambar? Sabuwar waya ma sati biyu kake lallaɓa ta, na uku ka fara leƙen ta hannun wani a trotro, motar haya. Hadisi ne da duk ɗan makarantar allo ya ji, wadata ba yawan dukiya ba ce wadatar zuci ce, mun haddace amma a ganina sai mutum ya yanka wa kansa iyaka da hannunsa, kamar tukunya biyun nan, sannan maganar take aiki a jikinsa.

Kuma iyakar tana fitowa a cikin abincin, shi ya sa na kawo ta a nan. Wadda ba ta sauri tana da lokacin tsayawa a kan shito har ya soyu, tana da lokacin tambayar ka ya jikin tsohuwa, ta san wanda ba ya cin ƙwai. Bencin nata ba talabijin ba kiɗa, za ka ga kwandastan trotro da malamin makaranta da ’yar kayayo mai dakon kaya da ta ajiye kwanonta suna ci kafaɗa da kafaɗa ana musun ƙwallo, minti goma sha biyar ba wanda ya taɓa waya don hannu duk mai ne. Ni dai ranar da na fara da wurin nan ko cunkoson motoci na shataletalen Circle bai cika ɓata min rai ba.

Kar a ce na yi ta yabo. Kwatar da ke gefen lungun in damina ta sauka sai haƙuri, gara ka naɗe ka tafi da shi. Layin ma ba adalci sosai, in tsohon kwastoma ya zo ta kan miƙa masa ta gefe kana tsaye kana kallo, wannan yana ci min rai har yau. Ba ta karɓar momo, wato kuɗi ta waya, ta daina tun lokacin harajin tura kuɗi na E-levy kuma ko da aka soke shi ba ta koma ba, sai tsabar kuɗi, ka zo da canji don ba ta son manyan takardu da sassafe. Juma'a ba ta fitowa sam, tana shirin zuwa babban masallacin Kanda, Laraba kuma ranar kasuwar Nima ce mutane sun yi yawa, tukunyar farko kan tafi kafin bakwai da rabi. In ba ka saba da yaji ba ka ce a sa maka shito a gefe, kar ka bari ta zuba da hannunta.