Dattijon da ya gyara mini jita a Hindawiyya

Jitata ta tsufa. Da ita na zo Jidda, kuma damshin garin nan da sanyin na'urar ɗaki suka haɗu suka gama da ita: jakin da ke riƙe tsirkiya ya ɗago, katakon fuska ya tsage, ga wani rami da na ci da hannuna a gefen bakinta saboda shekarun kaɗawa. Wani ɗan'uwa Takari ya kwatanta mini shagon wani dattijo a unguwar Hindawiyya, Bahaushen Sudan ne, mutumin Mai Wurno. Ainihin aikinsa gyaran ud, molon Larabawa, jita kuwa sai in ta faɗo.

Shagon bai fi ɗakin kwana ba, warin gam da ƙurar katako sun cika shi. Ya juya jitar, ya ƙwanƙwasa fuskarta da yatsa yana kasa kunne, ya ce, "Yaro, wannan ramin zan toshe shi, ba mai gane wurin."

Na ce, "Baba, don Allah a bar ramin."

Kallon da ya yi mini, ka ce na taɓu. Dole na ba shi labarin mawaƙin nan Willie Nelson. Mu da muka tashi da kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves a motocin haya mun san kiɗan kantiri na Amurka, shi bai taɓa ji ba. Na ce masa a 1969 wani mashayi ya taka wa Nelson jita, sai ya sayi wata ƙirar Martin N-20 mai tsirkiyar nailan a kan dala 750, ya sa mata suna Trigger, sunan dokin Roy Rogers, tauraron fina-finan kaboyi. Irin wannan jitar da yatsu ake kaɗa ta, ba ta da kariya a fuska, shi kuwa da ɗan roba yake dukanta, har katakon ya huje. Mai gyaransa ta ciki yake tallafe wurin, ramin na nan har yau. Mutanen kantiri haka suke da jitocinsu: Waylon Jennings ya lulluɓe tasa ta lantarki, ƙirar Telecaster, da fata mai zane baƙi da fari, Jimmie Rodgers kuma a bayan tasa an rubuta kalmar godiya, in ya gama waƙa sai ya juya ta ga jama'a. Zancen fatar nan ne ya burge dattijon, ya ce ai wannan aikin dukawa ne.

To, aikin. Ya cire jakin gaba ɗaya, ya kankare tsohon gam, ya mayar da shi da gam na fata wanda ake narkawa da zafi, ya matse shi kwana biyu. Tsagar ya ɗinke ta da 'yan gutsattsarin katako ta ciki, ramin ma ya yi masa madogara ta ƙasa, bai taɓa bakinsa ba. Sautin ƙasa da ya daɗe yana rawa ya dawo da kauri. Riyal 180 ya karɓa har da sabbin tsirkiyoyi, kuma ban ga tsada ba.

Inda zan yi ƙorafi shi ne lokaci. Kwana huɗu ya ce, sai da na yi sawu uku, kullum "bukra in sha Allah", wato sai gobe, har kwana goma sha ɗaya. Wayarsa ma ba ya ɗagawa. Sannan hannunsa na mai ud ne, ya kwantar da tsirkiyar ƙasa sosai har tana ɗan zuzzuga a wuyan jitar, sai da na koma ya ɗaga ta. Mai jitar lantarki kada ya wahalar da kansa, dattijon ya ce shi da wayar lantarki ba su haɗa hanya ba.

Da zan fita ya kira ni, ya miƙo mini ɗan soso a cikin gwangwani mai huji, ya ce in jiƙa shi in ajiye a akwatin jitar duk ranar da na'urar sanyi ta kwana a kunne.