Alam ɗin ɓarayi da na sa a gida, wata 8 ke nan ina amfani da shi

Gaskiya ita kanta na'urar ba ni da wani babban ƙorafi a kanta, wahalar da na sha ni na jawo wa kaina wajen haɗa ta da wuta.

A kwalin akwai akwatin da ke sarrafa komai, sensa 3 masu gane motsi, maganaɗisun ƙofa 2 masu gane an buɗe ta, jiniya ta waje da batir mai volt 12. Da na ga waya ce kawai guda uku sai na ce ai wannan ba sai an kira kowa ba, na ɗaura mata fulogi na cusa a soket ɗin koridor, ta kama aiki lafiya lau har sati biyu ina ta yabon kaina. Ashe yarinyata ta zare fulogin ta sa cajar waya, kuma ba ta mayar ba. Akwai wata 'yar fitila da ta riƙa ƙiftawa tana nuna babu wuta, wallahi na gan ta amma ban kawo komai a raina ba. Batir ya riƙe har ya gaji, wajen ƙarfe 3 na dare sai jiniya ta ɓarke, saboda ita tana da nata ƙaramin batir a ciki, da zarar wuta ta daina zuwa mata daga akwatin sai ta ɗauka yanke waya aka yi. Maƙwabta duk suka fito, ni kuma ina tsaye da gajeren wando ina ba da haƙuri, abin kunya dai.

Washegari na kira mai wayarin. Yana ganin fulogin ya yi dariya ya ce "Malam ai wannan ba dutsen guga ba ne, in ɓarawo ya shigo shi ma zarewa zai yi." Ya kashe wutar daga babban akwatin gida, ya sa testa ya tabbatar ta mutu, sannan ya ja layi ya sa mata nata fis mai amp 3 wanda ba shi da makunni, dab da akwatin. Waya mai launin ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya nutural, mai kore da ɗorawa ta ƙasa, kuma ya ƙi yarda wayoyin sensa su bi bututu ɗaya da wayar wuta, wai hakan na sa ta riƙa ihun ƙarya. Shi ya nuna min taransifoman da ke ciki, mai sauko da volt 230 zuwa ɗan kaɗan da na'urar ke ci tana kuma cajin batir. Ya rubuta kwanan wata a jikin batir ɗin da maka, ya ce shekara 3 zuwa 5 ake canzawa.

Tun daga nan shiru, ko an ɗauke wuta ba ta ko tari.

Abin da bai min ba, takardar bayani rubutunta ƙanana kamar tururuwa, kuma ba su sako gidan fis ɗin a kwali ba sai da aka nemo daban. Sensar falo kuma tana kama mage, dole na ɗan juya fuskarta. Sannan kada ka buɗe murfin akwatin ba ka sa lambar sirrin mai gyara ba, akwai ɗan maɓalli a ciki da zai tayar da jiniya nan take, ni sau ɗaya na gwada.