Wata takwas da tiraka a motata: tana nuna hanya, amma ba ta san mai ita ba

Na sa wa motata na'urar bin sawu, wadda masu wayarin ke kira tiraka, bayan an sace ta maƙwabcina a ƙofar masallacin Juma'a. Girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba. An ɓoye ta a bayan dashbod, aka sa mata layin waya, aka kuma haɗa ta da wayar famfon mai domin in iya kashe motar daga nesa da saƙon tes.

Wajen nuna wuri ba ni da ƙorafi. Manhajar tana nuna inda motar take da irin gudun da ake yi da ita, har ranar da ƙanena ya ce mini yana Ƙofar Ruwa sayen kaya, taswira ta nuna shi a hanyar Wudil. Sai dai idan aka shiga ƙauyen da babu sabis, motar takan daskare a wuri ɗaya a kan taswirar.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne wanda na'urar take yarda da shi. Lambar sirrin da ta zo da ita 123456 ce, wanda ya ɗaura ta kuma bai ce in canza ba. Wata safiya na karɓi wayar uwargida, wadda ba a taɓa yi wa rajista da na'urar ba, na tura umarnin kashewa tare da waɗannan lambobi shida, ina tsaye injin ya mutu a tsakar gida. Da a kan titi ne ana tsaka da wuce tirela, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙaramar na'urata ba. A 2022 kamfanin tsaron intanet na BitSight ya bayyana cewa tiraka samfurin MiCODUS MV720 tana da ɓarakar da mai kutse zai iya bi ya yanke wa mota mai. Ita kanta hanyar CAN, wadda kamfanin Bosch ya ƙaddamar a 1986 domin kwamfutocin cikin mota su yi magana da juna, saƙonninta ba sa ɗauke da shaidar wanda ya aiko su, wannan na cikin dalilan da suka sa a 2015, bayan masu binciken tsaro Charlie Miller da Chris Valasek sun sarrafa Jeep Cherokee daga nesa, kamfanin Fiat Chrysler mai ƙera ta ya kira motoci miliyan 1.4 domin gyara. A Turai kuwa, motocin da ke gargaɗin juna a kan hanya, irin Golf ta takwas da Volkswagen ya fitar a 2019, kowane saƙo yana ɗauke da sa hannun lantarki, kuma takardun shaidar suna sauyawa don kada a bi sawun direba. Tawa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Na canza lambar, na taƙaita umarni ga layina kaɗai, sannan na sa wani mai wayarin ya cire wayar famfon mai, domin na gwammace ɓarawo ya tafi da motar ina kallonsa a taswira da a kashe mini ita da iyalina a ciki. A haka zan iya ba wani shawarar ya saya. Abin da ya rage shi ne tarihin tafiye-tafiyena da ke ajiye a kwamfutar masu sayarwa. Da na tambayi wa da wa ke iya gani, amsar da na samu ita ce: "Kada ka damu, Alhaji."