Kilam mita da na saya a Wunti, ga yadda na same ta

Jama'a masu tambaya ta ko wannan mitar auna wutar lantarki mai baki kamar filaya tana da amfani, eh tana da shi, amma ba kowa ya kamata ya kashe kuɗinsa a kanta ba. A wani shagon kayan wuta nan wajen kasuwar Wunti a Bauchi na saye ta, irin mai arahar nan ce, ba ta manyan injiniyoyi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba sai ka yanke waya ba kafin ka auna amp, wato yawan wutar da ke bi ta cikin waya, kawai ka buɗe bakin ka saƙala waya ɗaya a ciki. Ɗaya fa, in ka haɗa layif da nutiral, wato wayar da ke kawo wuta da wadda ke mayar da ita, gaba ɗaya sifili za ta nuna maka sai ka ce mai shago ya cuce ka alhali ba laifinsa. Bolt kuma, wato ƙarfin da ke tura wutar, da wayoyin gwajinta biyu ja da baƙa ake aunawa.

To in ka samu bolt da amp ai sauran lissafi ne na 'yan firamare, dokar Ohm ɗin nan da wani Bajamushe ya fitar tun 1827. Bolt sau amp shi ne wat wato ƙarfin wutar da abu ke ci, bolt raba amp shi ne om wato rezistans, yadda abu ke turje wa wuta. Na gwada da hitar ruwan gidanmu, wuta tana 220 tana jan amp 9, kun ga wat 1980 kenan, rezistans ɗinta kuma wajen om 24. Da yamma da wuta ta zo ba ƙarfi mita ta nuna 160, amp ya sauko wajen 6.5, wat ya koma 1040. Bolt bai ragu da ko kashi ɗaya cikin uku ba amma ƙarfin hita ya kusa rabewa biyu, shi ya sa uwargida ke ta mita ruwa ya ƙi tafasa tana cewa hitar ta mutu a sayo sabuwa, wallahi lafiyarta ƙalau.

Inda ta gaza kuwa, bakin nata wutar AC kawai yake karantawa, irin ta NEPA da janareto, ba ya auna amp na batir wato DC. Masu harkar sola wannan babbar matsala ce don a nan lissafin ya fi muhimmanci, kayan wat 1000 a kan batir mai bolt 12 sun haura amp 83 tun kafin inbata ta ci nata, sai ka ga an saka siririyar waya tana zafi tana narkewa ana cewa wai aljanu. Ku nemi mai DC ko da ta fi tsada.

Sannan firji da injin ruwa da fanka, duk abu mai mota dai, bolt sau amp ba ya ba ka ainihin wat, lambar tana ɗan haurawa, amma tana taimakawa wajen sanin ko janareto zai ɗauka.

Wayoyin gwajin da ta zo da su ba su da kwari, allon ma ba fitila, da daddare sai da tocilan. Kuma don Allah kar wanda ya auna om alhali abu na jone da wuta, a zare fulogi tukuna. Ɗalibin Poli ko jami'ar ATBU da mai wayarin na unguwa za ta yi musu aiki sosai.